Tun Agwagi Na Mutuwa Ya Kamata A Farga

Kowace shekara idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, gwamnoni sukan tsaya gaban majalisun dokokin jihohinsu su karanta dogayen jawabai, a ji an ware biliyan kaza domin hanyoyi, biliyan kaza domin gina asibitoci da sayen motocin ofis. Wanda ya ɗauki kundin kasafin ya bi shi shafi-shafi har ya kai ga sashen kula da lafiyar dabbobi, ko sashen malaman tsabta da jama'a suka fi sani da duba-gari, a yawancin jihohi abin da zai tarar bai wuce albashi ba, sai ɗan abin da ba zai isa zuba wa babura mai ba har shekara ta zagayo. An mai da waɗannan sassa 'ya'yan bora, alhali kuwa su ne masu gadin ƙofar da annoba take shigowa ta cikinta. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da aka san suna kama ɗan Adam, daga dabbobi suke. Cikin sababbin cututtukan da suke ɓullowa kuwa, uku daga cikin kowane huɗu ta wannan hanya suke zuwa.

Babu inda aka ga illar wannan sakaci ƙarara kamar Jihar Zamfara a 2010, kuma ya dace a maimaita labarin dalla-dalla, domin da yawa daga cikin masu riƙe da madafun iko sun manta da shi, wasu ma ba su taɓa jin mafarinsa ba. Mafarin nasa kuwa agwagi ne. A farkon wannan shekara mutanen wasu ƙauyuka na jihar suka lura agwaginsu suna ƙarewa, har aka wayi gari kududdufan da a da suke cike da su sun yi tsit. Babu wanda ya kai maganar gaba, kuma ba za a ga laifin talakawan ba, domin ko sun so kaiwa, wa za su kai wa? Babu malamin dabbobi kusa, babu wata doka ko al'ada da ta ce mutuwar agwagwa abin sanar da hukuma ne. Ana nan sai abin ya koma kan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai da ciwon ciki, sai suma da sanƙarewa, kafin kwana biyu an kai shi makwancinsa. Wasu suka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, aka yi ta ba da maganin da bai dace da ciwon ba.

A watan Maris na 2010 ne labarin ya kai ga ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, waɗanda suke zagaya yankin domin sa ido kan sanƙarau. Suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa fiye da kima, suka ɗebi jini suka aika Turai aka auna, sai ga gubar dalma. Da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo a watan Mayu, suka bi gida-gida tare da jami'an Nijeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, sai suka tarar cewa ɗaya daga cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400. Dubbai suka rayu da guba a jininsu, wasunsu da makanta, wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa wadda babu maganin da yake mayar da ita yadda take.

Yadda gubar ta shiga gidaje ba ɓoyayyen abu ba ne. Tashin farashin zinariya a kasuwannin duniya bayan karayar tattalin arziki ta 2008 ya sa manoma da yawa suka koma haƙa, dutsen da suke haƙowa a wannan yanki kuwa yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Sai a kwaso shi a buhuna a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a daka a turmi a tsakar gida, a niƙa a inji irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin a kududdufi, a shanya. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yaro yake rarrafe a kai yana sa hannu a baki, ta shiga abinci da ruwan sha. A wasu wuraren, abin da aka auna a cikin ƙasa ya ninka sau ɗaruruwa iyakar da Amurka ta yarda da ita a filin wasan yara. Agwagwa kuwa da bakinta take tonon laka a gindin ruwa, saboda haka ita ta fara haɗiyar gubar, ita ta fara faɗuwa. Da akwai wanda aikinsa ne ya ji wannan labari, ya ɗauki mushen agwagwa guda ya aika da shi cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, watakila da an gano dalmar kafin ƙananan kaburburan su kai yawan da suka kai. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. A Zamfara an yi jawabin, sai dai ba a ɗauki kowa aikin saurare ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ban takaici, domin wannan karon an riga an san ciwon, an kuma san maganinsa. Akwai maganin da yake tsamo dalma daga jini, amma likitoci ba su ba yaro shi muddin zai koma ya kwanta a kan ƙasa mai guba, don kuwa aikin banza ne. Dole sai an fara kankare fuskar ƙasar gidaje da ta lunguna, an kwashe an binne ta can nesa, an zubo sabuwa mai tsabta. Watau likitan mutane ba shi da ikon fara aikinsa sai ma'aikacin muhalli ya gama nasa. Tsakanin 2010 da 2011 an share ƙauyuka bakwai da kuɗin da akasarinsa daga waje ya fito. Aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara kimanin 1,500 suna jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850. Aka kira babban taro a Abuja a watan Mayu na 2012 domin a tsai da magana, amma ministocin ma'adinai da muhalli da lafiya, waɗanda dominsu aka shirya taron, ba su halarta ba. Ba a fara sakin kuɗin ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan ƙungiyoyin matasa da na kare haƙƙin ɗan Adam sun ta da jijiyar wuya, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarni. Kusan shekara uku ke nan yaran Bagega suna wasa a cikin ƙasar da kowa ya san tana kashe su.

Ba za a ce rashin kuɗi ne ya jawo wannan jinkiri ba, tun da abin da ake bukata bai wuce kuɗin shimfiɗa 'yan kilomitoci na babban titi ba. Abin da ya faru shi ne ciwon ba shi da uba a tsarin gwamnati. Tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Ƙasar da ake haƙa a cikinta, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna. Ɗakin shan magani na ƙauye yana wuyan jiha da ƙaramar hukuma, kasuwa da mahauta da kwashe shara kuma na ƙaramar hukuma ne. Likitan dabbobi yana wata ma'aikata, likitan mutane yana wata, ma'aikacin muhalli yana ta uku, kowace da nata kaso, kowane babban sakatare yana tsare da nasa fayil, kuma babu mai son kashe kuɗinsa a kan aikin da za a yaba wa wani. Dabbar da masu ita suka yi yawa kuwa, da yunwa take kwana.

Shekara biyar kacal bayan haka, a 2015, sai ga abin ya maimaita kansa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, shanu da awaki da kaji kuma suka mutu tare da su. Nan ma sai da aka shafe fiye da shekara guda kafin a fara share ƙasa. A watan Fabrairu na 2022 MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar bayan fiye da shekara goma sha ɗaya. A watan Disamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa jihar a 2019, a 2025 kuma farashin zinariya ya haura dala 4,000 kowace oza, abin da bai taɓa kaiwa ba. Ke nan duk abin da ya ingiza mutanen Dareta suka kawo dutse cikin gida yana nan, har ya ƙaru, ga kuma 'yan bindiga sun hana ma'aikatan lafiya shiga ƙauyuka da dama. Haramci bai taɓa hana mai jin yunwa haƙa ba. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne fitar da niƙa daga cikin gari, da jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, da yin wanka da sauya tufafi kafin a koma cikin iyali. Wannan kuwa yana bukatar ma'aikata da za su riƙa zagayawa kullum, ma'aikata kuma suna bukatar kuɗin da ba ya yankewa.

Wani zai ce ai abokan arziki na ƙasashen waje suna nan, in abu ya ɓaci za su kawo ɗauki kamar yadda suka saba. Makiyayan da suka ga shekarar 1983 suna da amsar wannan magana. Cutar bushiya ba ta kama mutum, ko da yake masana sun nuna cewa ƙwayar ƙyanda daga tsatsonta ta fito, amma ta sha kashe mutane ta hanyar yunwa da tsiya tun lokacin da ta share garkunan ƙasar Hausa da Borno wajejen 1890. A 1962 ƙasashe huɗu da suke kewaye da Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka haɗa kai suka fara gangamin allura na bai ɗaya da tallafin Turai da Amurka. Malaman dabbobi suka bi ruga-ruga da mashaya-mashaya, suna yi wa shanu allura suna huda kunnensu domin shaida, shekara uku a jere. Daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasashe 22, kuma kafin a rufe shi a 1976 cutar ta kusan ɓacewa. Abin da ya rage shi ne kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa 'yan maruƙa allura duk shekara da kuɗin aljihunta, ta kuma sa ido a kan iyakokinta. Ba a yi hakan yadda ya kamata ba. Motoci suka lalace, firjin ajiye magani suka mutu ba a gyara ba, kuma a Nijeriya wannan ya faru ne a daidai lokacin da kuɗin man fetur suke kwarara cikin baitulmali. Cutar da ta laɓe a wasu lunguna na Mali da Sudan sai ta farfaɗo, ta shigo ƙasar nan ta yamma da gabas a farkon shekarun 1980, ta yi wa shanu kisan kiyashi, ta faɗa har kan namun daji a Yankari. An ƙiyasta asarar Nijeriya kaɗai da dala biliyan 2. Sai da aka sake ɗaura sabon gangami na Afirka baki ɗaya daga 1986, aka jure aka ci gaba, kafin a 2011 a yi shelar kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita bayan agana. Haɗin kai ya yi aiki sau biyu, babu shakka. Amma tsakanin biyun an ga gaskiyar masu iya magana da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Murar tsuntsaye ta sake biya wannan karatu. A Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa dubbai-dubbai a wata babbar gona a Jaji ta Jihar Kaduna, amma sai ranar 8 ga Fabrairu, bayan an kai samfur Italiya, aka tabbatar da cewa nau'in nan ne mai kisa da ake kira H5N1, karo na farko a nahiyar Afirka. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, aka kafa kwamitoci da suka haɗa likitocin mutane da na dabbobi, aka inganta ɗakunan gwaji, aka baza ma'aikata a jihohi. Mace guda ta rasu da cutar a birnin Ikko a Janairun 2007, zuwa 2008 kuma aka shawo kanta. Da rancen ya ƙare sai shirin ya yi sanyi. A Janairun 2015 cutar ta dawo ta Kano da Ikko, aka yi asarar miliyoyin kaji kafin ta lafa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa cikin wannan labari shi ne diyya. Naira 250 aka fara yankewa a kan kowace kaza da hukuma ta kashe, abin da bai kai kuɗin kazar a kasuwa ba, biyan ma ya zo da jinkiri. Mai kaji da ya ga sun fara faɗuwa, ya san in ya sanar da hukuma za a kashe masa sauran a bar shi da takarda a hannu, sai ya loda su a mota da asuba ya kai kasuwa. Haka makiyayi da ya ga saniyarsa ta kwanta zai yi maza ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, ya sayar wa mahauci da arha. In ciwon saifa ne ya kayar da ita, to mai fiɗa da mai ɗaukar fata da mai ci duk sun shiga haɗari, jinin da ya zuba kuma zai bar ƙwayar cutar a cikin ƙasa shekaru aru-aru, tana jiran wani garke. An tabbatar da ɓullar wannan ciwo a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023, makonni kaɗan bayan ya ɓulla a arewacin Ghana. Waɗannan mutane ba mugaye ba ne, lissafi suke yi, kuma hukuma ce ta tsara musu lissafin. Diyya mai kyau wadda ake biya cikin kwanaki ita ce kuɗin da gwamnati take sayen labari da shi, kuma babu likitan da ya isa ya tsai da annobar da aka ɓoye masa.

Haukan kare ya fi kowane misali nuna yadda rabon kasafi tsakanin ma'aikatu yake jawo asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, da yawansu kuma yara ne. An tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar takan yanke. Allurar kare arha gare ta ƙwarai in an gwada da jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza, waɗanda sau da yawa ba a ma samun su a asibitin karkara. Amma kuɗin allurar kare daga kason sashen dabbobi zai fita, ribar kuwa ma'aikatar lafiya ce za ta gani a littafinta, saboda haka kowa ya naɗe hannu. Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Ɓera ne yake ɗauke da shi, juji da hatsin da ba a rufe ba su suke tara ɓera, kwashe juji kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. Amma in ta sake, masu biyan bashin har da ma'aikatan asibiti, kamar likitocin da suka rasu a Kano a Janairun 2020.

Tunanin haɗa waɗannan ayyuka wuri guda, wanda masana suke kira Lafiya Ɗaya, ba baƙo ba ne a Arewa. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ciwon barci ya addabi yankin Anchau na lardin Zazzau, an haɗa likitoci da masanan ƙwari da malaman gona da na dabbobi da masu haƙa rijiya a ƙarƙashin shiri guda. Aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando yake zama, aka gina rijiyoyin siminti, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya, mutane suka samu sauƙin ciwon barci, shanu kuma suka samu sauƙin sammore. Shirin na mulkin mallaka ne, kuma an tilasta wa talakawa aiki da ƙaura a cikinsa, abin da ba wanda zai so a maimaita. Amma haɗa ma'aikatan a ƙarƙashin kasafi guda, wannan kam abin koyi ne.

Ya kamata a yaba wa Gwamnatin Tarayya bisa matakan da ta ɗauka a takarda. A 2018 aka ba Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, dokar kanta. A watan Disamba na 2019 ma'aikatun lafiya da gona da muhalli suka ƙaddamar da tsarin aiki tare na shekara biyar, daga 2019 zuwa 2023. A 2024 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Sai dai kash, annoba ba a Abuja take fara tsirowa ba. A ruga take farawa, da kara, da mahauta, da bakin kududdufi, wuraren da suke hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma tsarin da bai sauko can da kuɗinsa ba, taron otal ne kawai.

Taimakon waje ma ya canja kama. Gaskiya ne a 2022 manyan hukumomin duniya huɗu masu kula da lafiyar mutane, da abinci da noma, da lafiyar dabbobi, da muhalli, sun ƙulla yarjejeniyar aiki tare, kuma a wannan shekara aka buɗe asusu na musamman a Bankin Duniya domin rigakafin annoba. Wajibi ne Nijeriya da maƙwabtanta su nemi rabonsu a ciki. Amma asusun yana duba abin da ƙasa ta zuba daga aljihunta kafin ya ƙara mata. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ta kuma ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ayyuka da dama suka tsaya cak cikin 'yan makonni, har sai da Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin toshe giɓin. Ƙasar da ta dogara da baƙo ya auna mata jinin 'ya'yanta, ya kamata wannan ya ishe ta gargaɗi.

To, ina kuɗin gida za su fito? Ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, a 2003 kuma a Maputo suka yi wa noma alkawarin kashi 10, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika na farkon ba. Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓar rabonsu daga cikinsa, ba kasafai kuma jama'a suke ganin inda ya tafi ba. Kankare ƙasa mai guba da auna ruwan kududdufai ai shi ne ainihin aikinsa. Akwai asusun kiwon lafiya matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada. Daɗin daɗawa, a manyan kasuwannin shanu irin su Potiskum da Maigatari da Mai'adua da Illela da Wudil, ana karɓar kuɗi a kan kowane kai da kowace tirela. A zamanin jangali, duk da ƙorafin da aka yi a kansa, makiyayi yakan ga malamin dabbobi na En'e ya zo da allura. Yanzu yana biya a kara, yana biya a hanya, bai ga kowa ba. Ya wajaba majalisun jihohi su yi doka su keɓe wani kaso na wannan kuɗin shiga, a ajiye shi a asusun da ba ya ƙonewa da ƙarewar shekara, domin allura da biyan diyya nan take.

Aikin da za a yi da kuɗin ba na alfarma ba ne. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da yake tattara rahoton cututtukan mutane. Abin da ake so shi ne a samar masa takwara a ɓangaren dabbobi, a haɗa su da shugaban duba-gari, su zauna tare sau ɗaya a mako, rahoton kowannensu ya shiga hannun sauran biyun tun kafin ya tafi hedkwatar jiha. A ba su babur mai mai, da akwatin ƙanƙara, da kuɗin aika samfur Vom ko tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Maiduguri da Sakkwato, waɗanda suke yaye matasa duk shekara ba a ɗaukar su aiki. Sarakuna kuma suna da rawar takawa wadda ba ta cin ko kwabo. A da dagaci ya san wajibinsa ne ya sanar da hakimi in baƙuwar cuta ta faɗa wa mutane ko bisashe. In masu martaba suka farfaɗo da wannan umarni, suka sa ardo da sarkin fawa da shugaban mafarauta da shugaban masu haƙa a ciki, to an samu kunne a kowane ƙauye, ga kuma waya a aljihun kowa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugabanninsu ba su da sauran hujjar barin mahauta babu mai duba nama.

Sai kuma batun iyaka. Tsakanin Nijeriya da Nijar akwai iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda garkuna suke ƙetarawa rani da damina, tsuntsayen da suke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru kuwa daga Turai da Asiya ma suke zuwa. Rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, sun raunana hanyoyin da jami'an ɓangarorin biyu suke musayar labari, har da takardar shaidar lafiyar garke da ƙungiyar ta tsara tun 1998. Amma hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ba ta rataya a wuyan ECOWAS ba, haka ma Hukumar Tafkin Chadi ta 1964. Saɓanin siyasa bai kamata ya hana likitan dabbobi na Katsina ya kira takwaransa na Maraɗi ba, ko na Jigawa ya kira na Damagaram, su daidaita watan allura domin kada garke ya kuɓuce wa ɓangarorin biyu.

'Yan majalisun jihohi su ne suke da wuƙa da nama a kan kasafi. Idan kwamishinonin lafiya da na gona da na muhalli suka zo kare nasu, ya kamata a kira su rana ɗaya, a zaunar da su a teburi ɗaya, a tambaye su likitocin dabbobi nawa jihar take da su a bakin aiki, nawa aka saki cikin abin da aka ware wa sashen bara, da kuma lambar wayar da dagacin ƙauye zai kira in ya wayi gari ya ga agwagi sun mutu a bakin kududdufi. Kwamishinan da bai zo da amsa ba, a ɗage zaman har sai ya kawo.